Yadda Ake Tono Tarihin Zaɓen Tsohuwar Mazaɓar Baladiyya a Makka ko Jidda

Sau uku aka yi zaɓen majalisun baladiyya, wato majalisun hukumar gari, a faɗin Saudiyya a wannan ƙarni: 2005, 2011 da 2015. Tun daga nan ba a sake buɗe akwati ba. Ke nan kowace da'ira da mutanen Misfala ko Jarwal a Makka, ko Sabil a Jidda, suka taɓa bin layi a cikinta ta riga ta zama tsohuwar mazaɓa, wasu ma har unguwannin da ke cikinsu an share. Mai son rubuta tarihin irin wannan mazaɓa, ko ɗalibi ne mai aikin kammala karatu, ko mai tattara labarin unguwarsu, ko jikan wanda ya taɓa tsayawa takara, zai ga kamar aikin yini guda ne tunda zaɓe uku ne kacal. Inda ake faɗawa rami shi ne a jera sakamakon ukun ƙarƙashin "Da'ira ta Uku" a ce ga tarihi. Zaɓukan nan kowanne da dokarsa, da iyakarsa, da irin mutanen da aka yarda su yi rajista. Wanda bai warware waɗannan ba kafin ya taɓa alƙaluma, ya auna hatsi ne da mudu uku daban-daban ya rubuta jimla ɗaya.

Doka tukuna, sunaye daga baya

Kafin ka nemi sunan ko da ɗan takara ɗaya, samu takarda guda ka rubuta ƙa'idar kowane zaɓe a kai, ka liƙa ta inda idonka zai riƙa faɗa mata.

Zaɓen 2005 ya tsaya ne a kan Nizamin Baladiyyoyi da Ƙauyuka na shekarar 1397, wato 1977. Wannan doka ta daɗe da tanadin majalisu, amma sai a Oktoba 2003 Majalisar Ministoci ta yanke shawarar a zaɓi rabin mambobinsu. Rabi zaɓaɓɓu, rabi naɗaɗɗu. Maza kaɗai, 'yan ƙasa, masu shekara 21 zuwa sama, ban da sojoji da ke bakin aiki. A Jidda da Riyad majalisa mutum 14 ce, 7 daga ciki ta ƙuri'a, birnin kuma an raba shi da'ira bakwai.

Ga abin da ya fi komai muhimmanci a wannan shekarar, kuma shi aka fi mantawa: a biranen da aka raba da'irori, mai zaɓe ba a da'irarsa kaɗai yake kaɗa ƙuri'a ba. Yana da damar zaɓar mutum ɗaya a kowace da'ira ta birnin. Mutumin Jidda da ke zaune a kudancin gari yana da hannu wajen fitar da wakilin arewacin gari, haka shi ma na arewa. Saboda haka ƙuri'un da ka gani gaban sunan wanda ya ci da'ira ta uku a 2005 ba ƙuri'un mazauna da'ira ta uku ba ne. Na birni ne baki ɗaya. Wannan tsari ne ya ba jerin sunayen nan da aka yi wa laƙabi da "jerin zinariya" ƙarfi, wanda wasu malamai suka goya wa baya aka yi ta yaɗa shi ta saƙon waya, ya kuma kwashe kujerun Jidda. Idan ka rubuta cewa "mutanen unguwa kaza sun zaɓi wane a 2005", ka faɗi abin da takarda ba ta faɗa ba. Mai yiwuwa ne wanda ya fi kowa ƙuri'a a makarantun unguwar ba shi ya ci kujerar ba.

Zaɓe na biyu a 2009 ya kamata a yi shi, aka ɗage shi shekara biyu, aka ƙara wa majalisun da ke kai wa'adi. Da aka zo yinsa a 2011 majalisu sun kai 285, kujerun da aka yi takara a kansu 1,056, har yanzu rabi da rabi, har yanzu maza kaɗai. Amma an sauya tsarin kaɗawa: mutum ɗaya, ƙuri'a ɗaya, a da'irar da ya yi rajista kawai. Daga nan ne alƙaluman da'ira suka fara zama muryar mazaunanta. Shi ya sa za ka ga wanda ya ci a 2011 da ƙuri'un da ba su kama ƙafar na 2005 ba. Ba lallai ne farin jini ne ya ragu ba, taron masu zaɓen ne aka rarraba.

Na 2015 kuwa sabuwar doka gare shi ɗungurungum, Nizamin Majalisun Baladiyya da ya fito da dokar sarki mai lamba M/61 a watan Shawwal 1435, wato 2014. Kashi biyu cikin uku zaɓaɓɓu, kashi ɗaya naɗaɗɗu. Shekarun mai zaɓe sun sauko zuwa 18. Ɗan takara sai ya kai 25 kuma yana da shaidar gama sakandare. Mata sun shigo a matsayin masu zaɓe da 'yan takara, cika alkawarin da Sarki Abdullah ya yi a jawabinsa na 25 ga Satumba 2011. Majalisu 284, kujerun takara kimanin 2,100. A manyan birane irin Riyad da Jidda majalisa ta kai mutum 30, 20 zaɓaɓɓu. Lura: kujeru sun ƙaru, an sake yanka da'irori, kuma da'ira ɗaya tana iya fitar da fiye da mutum ɗaya alhali mai zaɓe ƙuri'a ɗaya gare shi.

Babu jam'iyya a ko ɗaya daga cikin ukun, kuma ƙa'ida ta hana 'yan takara haɗa kai su fito a jeri ɗaya. Kada ka buɗe gurbin "jam'iyya" a jadawalinka, kada kuma ka cike shi da abin da jaridun waje suka laƙaba wa mutum. In wata jarida ta ce wane na cikin wani jeri, rubuta haka a gefe tare da sunan jaridar da ranarta.

Lamba ba ita ce mazaɓa ba

Nan aikin yake, kuma nan ya kamata rabin lokacinka ya tafi. Da'irorin lamba gare su, ba suna ba: ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Lamba kuwa ana iya ɗauke ta daga gabas a kai ta yamma a zaɓe na gaba ba tare da kowa ya ce uffan ba. Don haka kada ka bi lamba, bi ƙasa. Zaɓi unguwa ko unguwannin da kake son tarihinsu, sannan ka tambayi kowace shekara: a wace da'ira aka saka wannan wuri, kuma da su wa aka haɗa shi?

Abu biyu ke ba da amsa. Na farko sanarwar kwamitin zaɓe na gari, wadda ake fitarwa kafin buɗe rajista, mai lissafa unguwannin kowace da'ira. Na biyu jerin cibiyoyin zaɓe, kowace da lambarta da da'irar da take ƙarƙashi. Yawancin cibiyoyin makarantu ne, kuma makaranta ba ta tashi daga inda take da sauƙi, don haka ko an sauya sunan unguwa, sunan makarantar zai nuna maka wurin. Inda jerin unguwanni da jerin cibiyoyi suka saɓa, riƙe na cibiyoyi, domin a can mutane suka je da ƙafarsu.

Da ka samu waɗannan, zana jadawali mai sauƙi: sunayen unguwanni a tsaye, shekaru uku a kwance, ka cike kowane gida da lambar da'ira. Nan take za ka ga ko mazaɓarka ta rayu har zaɓe uku da kusan iyaka ɗaya, ko kuwa sau ɗaya ta wanzu aka yayyaga ta. Bayan haka ka ɗora ta a taswira, kowace shekara da kalar alƙalaminta. Takardar taswira da alƙalami uku sun isa. Mai son kwamfuta ya yi amfani da Google My Maps ya ware wa kowace shekara shimfiɗa guda.

Abubuwa uku ke rikita mutum a wannan mataki. Ɗaya, sunan da baki ya saba da shi ba shi ne a takarda ba. Mutum zai ce maka shi ɗan Shara Mansur ne, alhali wannan sunan titi ne mai tsawo; sai ka gano hayyin, wato unguwar, da gidansa ya faɗa a rajistar baladiyya, kuma babban titi sau da yawa shi kansa ne iyaka, gefen nan da'ira ɗaya, tsallake wata. Biyu, rassan baladiyya. Amanar Makka, wato babbar hukumar baladiyyar birnin, tana da rassa kamar Ajyad, Gazza, Misfala, Utaibiyya, Ma'abda, Aziziyya, Shauƙiyya, Umra da Shara'i. Iyakar reshe aba ce ta gudanar da aiki, ba lallai ta zo daidai da iyakar da'irar zaɓe ba. In ka ga "Misfala" a takarda, tabbatar ko unguwar ake nufi ko reshen da ya ƙunshi unguwanni da yawa. Uku, rusau. Shamiyya da maƙwabtanta an fara rushe su a 2008 don faɗaɗa Harami, wato tsakanin zaɓe na ɗaya da na biyu, sai aikin gine-ginen da ake kira "Masar" (ba ƙasar Masar ba) ya biyo baya ya keta unguwannin yammacin Harami. Wannan ya taɓa alƙaluma kai tsaye, domin mutanen sun tashi amma sunayen wasunsu na nan a tsohuwar cibiya. Rusau ɗin Jidda da ya ci Sabil, Gulail, Kandara, Petromin, Nuzla Yamaniyya da sauransu daga ƙarshen 2021 ne ya fara, bayan zaɓen ƙarshe, don haka bai taɓa sakamako ba. Abin da ya lalata shi ne damar ka je ka ga makarantar da idonka. A nan Google Earth na kwamfuta ke da amfani: yana da ma'ajiyar tsofaffin hotunan sama, ka ja ma'aunin shekaru baya zuwa lokacin zaɓen ka ga tituna yadda suke a da.

Akwai wani kuskure da ya cika rubuce-rubucen waje: haɗa birnin Makka da yankin Makka. Mace ta farko da aka sanar ta ci zaɓe a 2015, Salma bint Hizab al-Utaibi, an yi ta cewa "ta ci a Makka". A Madraka ta ci, gari ne a yankin Makka mai tasa majalisar. Jidda da Ɗa'if ma ai yankin Makka ne. Duk adadin da ka gani da sunan Makka, tsaya ka tantance na birni ne ko na yanki kafin ka kwafa.

Ranaku

Zaɓen 2005 kashi uku aka yi shi. Yankin Riyad ranar 10 ga Fabrairu, gabas da kudu ranar 3 ga Maris, su Makka, Jidda da Madina a zagaye na ƙarshe ranar Alhamis 21 ga Afrilu, daidai da 12 ga Rabi'ul Awwal 1426. Wanda ya tafi neman sakamakon Makka a jaridun Fabrairu zai dawo hannu rabbana. Na biyu Alhamis 29 ga Satumba 2011, 1 ga Zulƙida 1432. Na uku Asabar 12 ga Disamba 2015, 1 ga Rabi'ul Awwal 1437. Duka ranakun hutun ƙarshen mako ne. An mayar da hutun daga Alhamis da Juma'a zuwa Juma'a da Asabar a 2013.

Rubuta kowace rana da kalanda biyu, ta Hijira a gaba tunda ita ce a takardun. A 2015 rajista a 1436 aka yi ta, zaɓen kuma ya faɗa 1437. In ka bincika shekara ɗaya kawai rabin labarin zai wuce ka. Makka da Madina ma sun riga sauran gari buɗe rajista da kusan mako guda, a tsakiyar Agusta, saboda aikin Hajji. Wajen juya rana yi amfani da kalandar Ummul Ƙura ta gwamnatin Saudiyya, sauran manhajoji kan zame da kwana ɗaya, sai ka gwada da ranar mako: in manhaja ta ba ka Juma'a alhali jarida ta ce Alhamis, jarida ce da gaskiya.

Inda takardun suke

Nassin dokoki da ƙa'idojin aiwatarwa, jaridar gwamnati ta Ummul Ƙura, wadda ke fitowa daga Makka tun 1924. Sanarwar hukuma da jimillar alƙaluma, kamfanin dillancin labarai na Saudiyya, WAS, kuma rumbunsa na intanet ya kai baya sosai. Amma sakamako da'ira-da'ira, da ƙuri'un waɗanda suka faɗi, a jaridun yanki aka fi samunsu: Okaz, Al-Madina da Al-Bilad na Jidda, sai An-Nadwa ta Makka. An-Nadwa ta koma jaridar Makka a farkon 2014, ke nan 2005 da 2011 a tsohon suna za ka nema, 2015 a sabo. Ar-Riyad, Al-Jazira da Ash-Sharƙ al-Ausaɗ suna da tsofaffin fitowarsu a intanet, su ne mafi sauƙin farawa daga ɗaki. Na takarda kuwa, Laburaren Ƙasa na Sarki Fahad a Riyad, da laburaren Jami'ar Ummul Ƙura da na Jami'ar Sarki Abdul'aziz. A waɗannan biyun duba har da kundayen digiri na biyu da na uku na sashen gudanarwa da na labarin ƙasa, domin wasu ɗalibai sun kwafe jadawalin hukuma a ƙarshen kundinsu.

Shafin zaɓe na hukuma, intekhab.gov.sa, shi ke ɗauke da sunayen 'yan takara da cibiyoyi a lokacinsa. Saka adireshin a Wayback Machine, rumbun da ke ajiye tsofaffin shafukan intanet, ka zaɓi hotunan da aka ɗauka a makonnin zaɓe. Shafukan da sai an cike gurbi an danna kafin su nuna sakamako yawanci ba su tsira ba; fayilolin PDF da labaran da aka liƙa kai tsaye su ke tsira, su za ka farauta.

Da Larabci za ka yi bincike, kuma da haruffa, ba da lamba ba: الدائرة الثالثة (da'ira ta uku) tare da sunan gari da المجلس البلدي (majalisar baladiyya), sannan ka sake da نتائج (sakamako), ka sake da أسماء المرشحين (sunayen 'yan takara). Gwada sunan mutum da "al" da kuma ba "al", da hamza da ba hamza.

Kada ka tsaya a fitowar washegarin zaɓe. Ɗauki jarida daga mako biyu kafin zaɓe zuwa wata guda bayansa, sannan ka dawo kan makon buɗe rajista da makon fitar da sunayen 'yan takara. Jerin 'yan takara sau biyu yake fita, na wucin gadi da na ƙarshe, kuma tsakaninsu ana cire mutane, wasu su janye. Na ƙarshen ne naka. Duk shafin da za ka ɗauka hoto, ɗauke shi gaba ɗaya har da saman da ke nuna sunan jarida, lambar fitowa da rana. Guntun hoto marar kai bayan wata shida kai kanka ba za ka san daga ina ya fito ba. Sa wa fayil suna nan take: shekara, wata, rana, jarida, shafi.

Lissafi da inda yake karkacewa

Kowace shekara a ba ta jadawalinta daban. A sama: unguwannin da'irar, yawan kujeru, yawan cibiyoyi, masu rajista, waɗanda suka fito, lalatattun ƙuri'u in an bayyana. A ƙasa: cikakken sunan kowane ɗan takara har kakansa yadda hukuma ta rubuta, lambarsa, ƙuri'unsa, ya ci ko bai ci ba, da majiyar kowane adadi. Gurbin da ba ka samu ba, bar shi fari. Kada ka sa sifiri, domin sifiri magana ce.

Kason ɗan takara a 2011 da 2015: ƙuri'unsa a raba da jimillar sahihan ƙuri'un da'irar. A 2005 kuma a raba da yawan waɗanda suka fito a birnin duka, ko da jimillar ƙuri'un da aka jefa wa 'yan takarar wannan da'ira, ka kuma faɗa wa mai karatu wanne ka ɗauka. Kada ka kuskura ka tara ƙuri'un da'irori bakwai na 2005 ka ce yawan masu zaɓe ke nan. Mutum ɗaya ka ƙirga har sau bakwai. A da'ira mai kujera biyu ta 2015 kuma, kaso kan fito ƙanƙane. A ce mutum 2,000 suka fito, 'yan takara 25, na ɗaya ya samu 400, na biyu 260: kashi 20 da kashi 13 ke nan, kuma dukansu sun hau. Ba rauni ba ne, tsarin ne ya haifar da haka.

Yawan fitowa shi ya fi yaudara. Rajista ba a sake ta daga tushe: wanda ya shiga a 2005 yana nan a 2011 da 2015, sai in ya je ya nemi a mayar da shi sabuwar unguwarsa. Illa biyu ke nan. Jaridu wani lokaci sababbin masu rajista kaɗai suke bugawa, wani lokaci jimilla, ba tare da sun bambance ba. In ka raba masu fitowa da adadin sababbi sai ka ga ya haura kashi 100. Sannan jimillar na ɗauke da waɗanda rusau ya kora zuwa bayan gari, don haka ƙarancin fitowa a unguwannin kewayen Harami ba lallai ne rashin sha'awa ba. Don ka samu abin gwadawa: a 2015 masu rajista a ƙasa baki ɗaya sun kusa miliyan ɗaya da rabi, mata a ciki kimanin 130,000, 'yan takara kusan 7,000, mata ba su cika 1,000 ba, fitowa kimanin kashi 47. Cibiyoyin mata daban suke da na maza, don haka tabbatar an haɗa duka biyun a adadin da ka kwafa.

Kada ka raba masu rajista da yawan jama'ar unguwa. Ƙidayar 2004 da ta 2010 sun ƙirga kowa, ɗan ƙasa da mai igama (takardar izinin zama ta baƙo), yaro da babba, mace da namiji. A unguwannin da Hausawa suka fi yawa wannan bambanci babba ne ƙwarai: gida ɗaya za ka samu mai hawiyya, wato katin shaidar ɗan ƙasa, da maƙwabcinsa mai igama wanda aka haifi ubansa a nan amma ba shi da ƙuri'a. Idan za ka kwatanta, nemi adadin 'yan ƙasa maza da suka kai shekarun zaɓe, a 2015 kuma maza da mata.

Majiyoyi za su saɓa wa juna, ko a manyan alƙaluma. Majalisun 2005 wasu sun ce 178, wasu 179. Matan da suka ci a 2015 an buga 17 a ranar farko, daga baya aka ji 20 da 21. Yawanci dalilin lokaci ne: wani ya buga kafin a gama tattarawa. Ɗauki wanda ya fi jinkirin fitowa kuma ya fi kusa da kwamitin zaɓe, ka ajiye ɗayan a gefe da ranarsa.

Bayan an rufe akwati

Wanda aka sanar daren zaɓe ba lallai shi ya zauna a kujera har ƙarshe ba. Akwai kwanakin ƙorafi a gaban kwamitin sauraron ƙararrakin zaɓe, wasu shari'o'in kuma sun kai kotun gudanarwa ta Diwanul Mazalim. Akwai wanda ya hau ba hamayya, wanda jaridu ke rubutawa بالتزكية. Irin wannan ba shi da adadin ƙuri'a, kada ka ƙirƙira masa. Idan an yi kunnen doki, da ƙuri'ar sa'a ake raba gardama. Akwai rasuwa, akwai murabus: Lama as-Sulaiman, ɗaya daga matan biyu da suka ci a Jidda a 2015 tare da Rasha Hifzi, ta ajiye kujerarta a 2016. Kujerar zaɓaɓɓe in ta zama fanko, mai bi masa a yawan ƙuri'a a wannan da'ira ke hawa, wanda shi ne dalilin da ya sa ƙuri'un na uku da na huɗu suke da daraja a jadawalinka.

Naɗaɗɗun mambobi ba su da da'ira. Kada ka cusa su cikin tarihin mazaɓa don kawai gidansu na unguwar. Kuma ranar zaɓe daban, ranar kama aiki daban. Zaɓaɓɓun Afrilu 2005 sai a Disamba aka kammala naɗa abokan zamansu. Majalisun zango na uku sun fara a farkon 2016, aka ƙara musu shekara biyu, aikinsu ya ƙare a ƙarshen 2021. Wannan ce ranar da za ka rufe tarihin wakilcin mazaɓarka da ita, ba 2015 ba.

Sunaye da bakin mutane

Da yawa masu wannan bincike abin da ke ransu shi ne su san Hausawa nawa suka tsaya, nawa suka ci. Tambaya ce mai kyau, amma laƙabi kaɗai ba ya amsa ta. Hausawi, Fallata, Barnawi da Takruni za su fito a jerin sunaye, sai dai akwai gidajen da asalinsu ɗaya ne da waɗannan amma sunan kaka suke ɗauka, akwai kuma mai laƙabin da bai taɓa gabatar da kansa da wannan asali ba. Ƙirga masu laƙabi ka ce "masu laƙabi kaza", kada ka ce "Hausawa kaza". Asalin mutum kuwa sai abin da ya faɗa da bakinsa ko iyalinsa suka yarda a rubuta.

Dattawa suna cike gurbin da jarida ta bari, musamman umda, wato mai unguwa, na wancan lokaci, limamin masallaci, da malaman da suka yi aiki a cibiyoyin. Matsalar ita ce zaɓe ukun sun narke sun zama ɗaya a ƙwaƙwalwar mutane. Kada ka ce, "Baba, a 2005 wa kuka zaɓa?" Ka ce, "Baba, Allah ya ƙara lafiya, a wace makaranta kuka kaɗa? Mutum nawa kuka zaɓa ran nan?" In ya ce da yawa, 2005 yake nufi. In ya ce Hajiya ma ta je tata cibiyar, 2015 ne. In ya ce gari ya fara cika da alhazai, 2011 ne. Tambayi ko katin zaɓen 2005 na nan a cikin akwatin takardu, ko takardar talla ta ɗan takara, ko katin gayyata zuwa tantin kamfe. Waɗannan sukan ɗauki lambar da'ira da lambar ɗan takara. Daga baki ka karɓi wuri, yanayi da dalili. Adadi kuwa sai takarda.

Mai son komawa can baya ya ware masa babi daban. Makka ta yi zaɓen Majalisar Ahali a 1924 bayan shigowar Sarki Abdul'aziz, Abdulƙadir ash-Shaibi ya shugabance ta, kuma an yi dokar Amanar Babban Birni da Baladiyyoyi a 1357 ta Hijira. A wancan zamani da tsofaffin haroyi, wato unguwanni, ake lissafin gari, irin su Shubaika, Ajyad, Jarwal, Misfala, Shamiyya da Ma'abda. Ba kakannin da'irorin 2005 ba ne, kada ka ja layi ka haɗa su.

Wajen wallafawa, sunan ɗan takara da ƙuri'unsa abu ne da hukuma ta riga ta bayyana, babu laifi a sake bugawa. Jerin masu zaɓe ba haka yake ba. In ka sa hoton kati, rufe lambar hawiyya, hoton fuska da ranar haihuwa, domin dokar kare bayanan mutum ta Saudiyya ta fara aiki tun Satumba 2023. Muryar da ka naɗa, nemi izinin mai ita kafin ka danna, ka sake nema kafin ka buga, ka kuma tambaye shi ko da sunansa yake so ko a ce "wani dattijo a unguwar". Zargin sayen ƙuri'a ko maguɗi da wani ya faɗa maka a zaure kada ya shiga rubutu da sunan kowa, sai in kwamitin ƙararraki ko kotu ta yi hukunci a kai kuma kana riƙe da lamba da ranar hukuncin.